Gangaren da Aka Bari Ya Huta

"To ki je ki faɗa masa mana," in ji Yaya, ko ɗagowa bai yi ba daga tayar babur ɗin da yake gogewa. "Ga shi can zaune. Ido ne ya tafi, kunne na nan."

"Kai ya kamata ka faɗa masa. Kai ka tone."

"Ni na tone, ke kika dasa. Kowa ya yi abin da ya iya, Bahaguwa."

Auta ta haɗiye abin da ya taso mata. Tana tsaye a bakin rumfar da suke shanya saiwa, hannunta na hagu, wanda ya jawo mata wannan suna a bakin yayanta tun tana rarrafe, yana ta murɗa gefen zaninta. Can a tsakar gida mahaifinsu yana wasa bakin dagi a kan dutse, ya taɓa da babban yatsa, ya sake wasawa, yana 'yar waƙa a maƙoshi kamar yaron da aka yi wa alkawarin tafiya gari. Gobe za a buɗe gangaren arewa bayan shekarun da aka bar shi yana hutawa. Kuma a gidan nan kaf, Baba ne kaɗai bai san babu komai a can ba.

Da saiwa gidan yake ci. Buɗe-ƙirji suke ce mata, ba ta fitowa sai can sama inda gajimare ke kwana a kan dutse, ana dafa ta wa mai fuka da mai tarin da ya ƙi tafiya. 'Yar gonar da suke da ita a ƙasa duwatsunta sun fi ƙasarta yawa, don haka abin da aka sauko da shi daga sama shi ne gishiri, shi ne takalmi, shi ne sabulu. Baba yana da doka ɗaya a kan aikin, da ita kuma ya raine su: ba a ɗauke saiwa duka. Ka tona, ka yanke kan nan mai idanun toho, ka mayar da shi raminsa, ka danne da dunduniya, sannan ka jingina ɗan falalen dutse a kai saboda awaki da ruwan da ke wanke ƙasa. In ka gama da gangare ka bar shi shekaru, ko ganye ɗaya kada a tsinka.

Kowane mai tono da irin jinginarsa. Baba daga dama yake kwantar da dutsensa. Auta kuwa daga hagu, kuma ta saba cusa 'yar tsakuwa a ƙarƙashi don toho ya sami hanyar fita. Tun yana gani yake mata dariya a kan tsakuwar nan, yana cewa ta yi wa saiwa matashin kai. Da yanar ido ta rufe masa gani, sai ya zama da tsakuwar yake gane inda 'yarsa ta bi.

Akwai kuma wurin da Baba ke kira uwa. Can bayan tsauni yake, a wani lungu da ba a taɓa sa masa dagi ba, daga can iska da ruwa ke sauko da iri zuwa duk gangaren da mutanen ƙauyen ke ci. Mahaifinsa ne ya nuna masa hanyar, shi kuma bai nuna wa kowa ba, har matarsa ta rasu ba ta sani ba. Auta ya yi wa alkawari. Ya ce ranar da aka buɗe gangaren arewa, in ya tarar ta riƙe shi da amana, washegari zai dafa ta, ya riƙa faɗa mata duwatsun da ƙafarsa ta haddace har su isa. Da wannan alkawari take kwana take tashi. Samari sun zo ta sallame su, domin duk 'yan kwari ne, ita kuma ba ta ga yadda za ta rayu a inda ba a jin ƙamshin jiƙaƙƙen dutse ba.

Yaya bai taɓa shiga zancen ba. Yana yaro Baba ya hau da shi, ya ga ya fizgo saiwa da kai da komai kamar mai cire ƙaya, ya sauko da shi, ya ce hannun nan na fasa dutse ne. Bai sake kai shi ba. Hanyar gangaren arewa kuwa, wadda ke bi ta wata tsaguwa da ba ka ganinta sai ka tsaya a bakinta, ko kwatanta masa bai yi ba. Auta ce ta kai shi. A wata shekara mai sanyi 'yarsa ƙarama ta kwanta da fuka, ƙirjinta na kuka kamar na 'yar kyanwa, abin da ke rumfa duk an sayar. Ya zo ƙofar ɗakinta ya durƙusa yana hawaye. Yayanta ne, yarinyar kuma ita ta goye ta. Ta kai shi, ta tono abin da zai isa, ta mayar da kawunan a gabansa, ta sa ya rantse. Yarinyar ta tashi.

Da Auta ta sake hawa, gangaren ya koma kamar fuskar wanda ya yi agana. Rami bayan rami, babu kai ko ɗaya, babu dutse ko ɗaya a jingine. Mai sikelin da ke sayen saiwa, wanda ke tsayawa da motarsa a inda hanya ta ƙare, ya fara cewa shi da kai yake so, wai mutanen birni ba sa yarda ta gaske ce sai sun ga kanta. Ba a daɗe ba babur ya shigo gidan, kwano ya hau ɗakin Yaya. Baba ya ji ƙarar babur, ya ji ruwa na buga kwano, aka ce masa lodin mota ne ke kawowa, ya yi murna yaron ya sami abin da hannunsa ya dace da shi.

Ta so ta faɗa. Sau nawa maganar ta zo mata har leɓe, sai ta tuna tambayar da za ta biyo baya: wa ya nuna masa hanya? Ga shi kuma duk ruwan farko Baba kan hau ya gaisa da gangaren, ya dafa kafaɗarta, ya durƙusa ya shafa ganye. Sai ta tuna da mai-kama. Wata ciyawa ce da ke cika bakin rafi a kwari, ganyenta sak na buɗe-ƙirji a hannu, har ɗan gashin nan na ƙarƙashi, sai dai saiwarta ba ta maganin komai, zaƙi gare ta, tana kashe leɓe. Mai ido ba zai ruɗe ba, launinsu ba ɗaya ba ne. Amma Baba ba shi da ido, dokarsa kuma ta hana shi tsinkar ganye ya shinshina. Ta yi ta jido su a baya, da ƙasarsu, tana haki a cikin tsaguwar nan, tana cike ramukan Yaya ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ta danne shi da dunduniya. Kowanne ta jingina masa dutse, ta cusa tsakuwa, ba ta ma san tana yi ba. Hannu ne ya saba.

Dabarar ta ci, abin da ya fi komai ci mata rai ke nan. Damina bayan damina Baba ya durƙusa ya shafa ganyen ƙarya, fuskarsa ta buɗe kamar ta wanda ya ji muryar masoyi bayan doguwar rabuwa, ya ce mata ta duba, bana sun fi bara faɗi. Ita kuma ta ce ta gani.

Yanzu ga goben ta iso, gobe kuma ba shafawa za a yi ba, tonowa za a yi.

Ta matsa kusa da babur ɗin, ta sassauta murya, ta ce wa Yaya ba faɗa ya kawo ta ba, akwai hanya. Lokacin da yake kai buhunansa, ta riƙa bin bayansa in motar ta tashi, tana tsintar kawunan da suka ɓalle suka faɗi ƙarƙashin sikeli. Ta kai su gangaren ta dasa, yawancinsu sun bushe, amma kaɗan sun kama, sun girma, na gaske ne. Baba kuma ai saiwar farko kawai yake tonowa da hannunsa, ya ɗanɗana, ya zauna ya bar wa masu ƙarfi sauran. Za ta kai shi kan ta gasken. Jibi ya nuna mata uwa, daga can ta riƙa kawo iri sannu a hankali har gangaren ya dawo, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Abin da take roƙo kawai, ya kama bakinsa, ya kuma bar dagi ya huta.

Yaya ya daina gogar tayar. Ya ɗago ya dube ta, fuskarsa ta yi laushi. Ya ce ashe haka ta sha wahala ita kaɗai, ya ce shi ma abin ba ya barinsa barci, ya ce gobe zai roƙi Baba ya bi su ko buhu ya ɗauka.

"A ina kika dasa su, kada in je in taka?"

"Gindin dutsen da Baba ke hutawa, ta wajen inuwa."

"Allah ya yi miki albarka, ƙanwata."

Rabon da ya kira ta haka har ta manta. Ta juya da sauri don kada ya ga hawayen, ta je ta karɓi dagin daga hannun Baba, ta ce ya isa haka, kada ya cinye ƙarfen.

Da gari ya waye ta je rafi ta dawo, Yaya ba ya gida. Matarsa ta ce ya fita neman buhu. A gindin tsauni suka tarar da shi, buhu a kafaɗa, wandonsa jiƙe da raɓa har gwiwa. Auta ta ga wandon. Ta gan shi sarai, zuciyarta ta ƙi karɓa, domin muryar jiya tana nan a kunnenta. Ya gaida Baba har ƙasa, ya roƙi a tafi da shi. Baba ya ce to, yau ranar farin ciki ce, kuma yaro ya zama uba, ya zo ya yi dako. A muryar tsohon akwai wani abu da Auta ta daɗe da sanin yana nan ɓoye: ƙishirwar ya ji takun ɗansa a bayansa a kan dutsen nan.

Suka hau. Baba na dafe da kafaɗarta ta dama, sanda a ɗaya hannun, yana tsokanar Yaya cewa babur ya cinye masa ƙafafu, mai ido na haki makaho na waƙa. Yaya ya yi ta dariya yana cewa shi dai a yi masa afuwa, jakin gidan ne shi. Da suka iso bakin tsaguwa sai ya tsaya, ya ɗaga murya ya tambaya ta ina kuma za a bi, ai hanya ta ƙare. Baba ya ƙyalƙyale, ya ce Auta ta nuna wa baƙon nan ƙofa. A cikin tsaguwar, inda sanyi ke fitowa daga dutse, Baba ya matso bakinsa kusa da kunnenta ya ce wuƙarsa ta yanke kai tana cikin jaka, yau zai yi aiki da ita na ƙarshe, gobe a gaban uwa ta zama tata.

Suka fito sarari. Gangaren ya shimfiɗu a gabansu kore shar, iska na kaɗa shi, ƙaryarta ta yi kyau har ta ba ta tsoro. Ta ja Baba ta nufi dutsen hutawa da shi, tana ƙoƙarin kada takunta ya nuna sauri. Sun kusa isa ta hango wajen inuwar. Baƙar ƙasa ce a tone, ɗanya, ko rana ba ta taɓa ta ba. Ramuka ne, babu kai, babu dutse.

Ta waiwaya. Yaya yana tsaye yana gyara buhu a kafaɗa, ya dube ta, ya ɗan ɗaga gira kamar mai tambayar ko lafiya.

Baba ya ji kafaɗarta ta sandare. Ya tambaya, ta ce ƙaya ce. Ya ce to ta cire, shi ba sai an kai shi nesa ba, ga ganye nan na shafar ƙaurinsa. Ya sake ta, ya durƙusa.

"Baba, ba wannan ba. Mu ƙara gaba."

"Duk 'ya'yana ne, Auta. Ba ni dagi."

Ta miƙa masa. Me za ta yi? Ya kewaye tsiron da bakin ƙarfe a hankali, ya sa yatsu ya bi saiwar har ƙasa, ya ɗago ta ba tare da ya tsinka ko zare ɗaya ba. Ya ciro wuƙar, ya yanke kan, ya mayar, ya miƙe da ƙyar ya danne da dunduniya, ya sake durƙusawa ya kwantar da dutse daga dama. Duk wannan ladabi ya yi wa ciyawar bakin rafi. Sannan ya kankare saiwar, ya yi bisimilla, ya gatsa.

Ya tauna, ya daina taunawa. Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, ya tsaya a wurin kamar baƙon da ba a ce masa ya tafi ba. Ya tofar, ya taɓa leɓensa. Ya ja gwiwa zuwa tsiro na gaba, ya tsinki ganye, abin da bai taɓa yi a nan ba, ya murza ya kai hanci. Ya wuce na gaba. Ya wuce na gaban wannan. Can hannunsa ya sauka a kan dutsen da ke jingine a gindin ɗaya, ya bi shi da yatsu. Daga hagu. Ya cusa yatsa a ƙarƙashi, ya ciro 'yar tsakuwa.

Daga nan bai ƙara taɓa ganye ba. Dutse yake bi, yana rarrafe a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, tsoho da furfura, ya ɗaga, ya ciro tsakuwa, ya zuba a tafin hannu, ya wuce. Auta ta bi shi tana kuka tana roƙonsa ya tashi. Bai tsaya ba sai da hannun ya cika.

Sai ta faɗi komai. Ta faɗi fukar yarinya da hawayen Yaya, da rantsuwar, da ramukan, da mai sikeli, da inda babur ya fito. Ta faɗi kawunan da ta tsinto da maganar jiya a rumfa. Ta kama hannun Baba ta kai shi wajen inuwa ya ji sabbin ramukan da kansa. Maganar ta fito mata a hargitse, gaba ya koma baya, kamar ta mai kare kansa.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce shi yau ya fara sa ƙafa a nan, Baba da kunnensa ya ji shi yana tambayar hanya. Ya ce maganin 'yarsa kam Auta ce ta kawo, ya gode, bai tambaye ta inda ta samo ba. Ya ce shi ko an ɗora masa wuƙa ba zai bambance ganyen nan da na rafi ba, ai Baba ne ya ce hannunsa na fasa dutse ne. Sabbin ramuka kuma, to, kowa ya fita da sassafe, ita ma ta ce rafi za ta. Auta ta ce a tambayi mai sikeli. Yaya ya yi ajiyar zuciya, ya ce da ma ba ya so ya faɗa, amma masu lodin motar sun san ta sarai, sun sha ganinta a gindin sikeli.

"Yaya, ka ji tsoron Allah."

"Ni dutse nawa na jingina a nan, Bahaguwa? Baba ya duba, in ya sami nawa ko ɗaya, na yarda."

Baba yana zaune a ƙasa, tsakuwoyin a hannunsa, fararen idanunsa na kallon inda babu kowa. Maganarsa ta fito da nauyi, domin leɓen ya mutu. Ya ce rami ba ya gaya masa komai, rami kowa na iya tonawa. Tsakuwa ce ta yi masa magana. Ya ce tambaya ɗaya zai yi mata.

"Ranar da na shafa na ce sun fi bara faɗi, kika ce kin gani. Kin san abin da ke hannuna?"



"Na sani, Baba."

"Kina tsaye kina kallona."

"Don kada zuciyarka ta karye na yi."

Ya gyaɗa kai. Ya laluba ya kamo hannunta na hagu, ta ɗauka riƙe ta zai yi, har ta matso. Ya buɗe tafin, ya juye mata tsakuwoyin, ya naɗe yatsunta a kai, ya ture hannun.

A lokacin ta gane abin da ke tafe, tsoron da ya kama ta kuma ba na kanta ba ne. Ta faɗi a gabansa. Ta ce ta yarda, kada ya ba ta wuƙar, kada ya sake dafa ta, ya kore ta kwari in ya so. Abu ɗaya take roƙo: in ba zai nuna mata uwa ba, kada ya nuna wa kowa, ya bar ta a inda take, ya tafi da hanyar a ƙafarsa. Baba ya ce ba zai yiwu ba. Mahaifinsa bai tafi da ita ba, shi ma ba zai tafi da ita ba, gangaren nan kuma sai an kawo masa iri daga can zai tashi. Ya ce hannu mai gaggawa ana iya koya masa haƙuri, ya yi kuskure da ya yanke wa yaro hukunci tun yana ƙarami.

Yaya ya ajiye buhun. Auta ta ji wani abu ya yi ƙara a cikin buhun, ƙarar ɗanyar saiwa in ta bugi dutse. Ta dubi Baba ko ya ji, amma Baba na laluben jakarsa. Ya ciro wuƙar, ya miƙa ta cikin iska, wajen da ya ji numfashin ɗansa.

"Kai, karɓi. Zo ka ba ni kafaɗarka mu sauka. Gobe da safe kai zan kai wurin uwa."